Badon Yaye

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi bai yi ba. Shekarar kuwa ta zaman jira ce. Nasara ba su daɗe da kafa barikinsu a bayan gari ba, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, da safe mu ji busar sojojinsu daga nesa, babu wanda ya san abin da take nufi. Manya suna ta tunanin yadda duniya za ta kaya. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, hankalina duk yana kan wani rami da ke bayan ɗakina.

Gidan mijina a Ƙofar Dundaye yake, gidan mahauta masu fataucin shanu. Ni daga ƙauye aka kawo ni, can bakin gulbi wajen Kalambaina, tun ba a san za a yi siminti a wurin ba. Ramin nan ƙasar gini aka ɗiba a ciki da za a yi mini ɗaki, aka ƙara ɗiba da za a tayar da sabon zaure, har tsakiyarsa ta kai ƙirjin mutum. An kewaye shi da darnin kara don kada yara su faɗa, ƙofarsa ɗaya, ta cikin gida. Da damina yakan cika ya zama kududdufi, kwaɗi su yi ta shagali, ruwan ba ya ƙafewa sai sanyi ya shigo.

Ina goyon 'yar fari a lokacin. Wanda bai ga zamaninmu ba sai an gaya masa: 'yar fari ba taki ba ce a gaban mutane. Ban taɓa faɗin sunanta ba. Ba na yi mata wasa in da ido a wurin. In ta faɗi tana kuka sai in ɗauke kai in jira wani ya ɗaga ta. Nono kaɗai ya haɗa mu, shi ma sai a ɗaka. Kuma an riga an gama magana, da kaka za a yaye ta, ranar nan gwaggonta babba da ke zaune kusa da Hubbare za ta ɗauke ta riƙo.

A danginmu na bakin gulbi, abin da ake fara ba yaro ranar yaye kunun bado ne. Bado shi ne mai faffaɗan ganye kamar faifai da ke kwanciya a kan ruwa, da farin fure. 'Ya'yansa ƙanana ne kamar gero, a ƙunshe cikin wani ƙullutu kamar dunƙulen hannu. Da shi aka yaye uwata, da shi ta yaye ni. Da ta zo yi mini wankan jego sai ta bar mini busassun 'ya'yan bado a ɗan gora, ta ce in ɓoye sai ranar. Na ɓoye kuwa, ashe ɓera ya fi ni sanin maɓoya. A bazarar nan na ɗauko goran na tarar an huda shi, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Aikawa kasuwa ba ta taso ba. A birni bado abincin yunwa ne. Gidan da ake yanka kullum, a ce an ga ɗan aikensu yana neman bado, kafin magariba an ce gidan ya karye. Aikawa ƙauye kuma sai ta hannun maza, su kuwa za su tambaya na mene ne. Da wane baki zan ce na yarinyar ne? Amma ina son ta bar hannuna da abu ɗaya namu a cikinta, ko da ludayi ɗaya ne.

Ban taɓa ganin wanda ya shuka bado ba. A wurinmu Allah ke shuka shi, mu namu tsinka. Duk da haka, da ruwan farko ya sauka ramin ya ɗan tara, sai na ɗebi kaɗan na watsa. Suka taso sama, iska ta kora su gefe, kaji suka tsince ina kallo. Na koma ɗaki na zauna. Da na yi tunani sai na ga abin da suke so nauyi ne. Na kwaɓa laka da kashin shanu, wanda ba a rasa shi a gidan, na riƙa cura 'yan dunƙule, kowanne in tura masa ƙwaya kaɗan a ciki.

A haka ƙanwar mijina ta iske ni. Bazawara ce, tsarata, bakinta ba ya hutawa, kuma tsakanina da ita akwai wasa.

Ta ce, "Ke ɗiyar gulbi, wanga dawo na wa na? In na yayana na, ki ƙara mai yaji."

Na ce, "Shuka nake yi."

"Shukar mi?"

"Bado."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ɗaga murya ta kira surukata. "Inna, taho ki gani! Matar ɗanki ta kama noman ruwa. Baɗi sai kwaɗi za ta shuka muna."

Inna ta leƙo ta dubi dunƙulen da na jera, ta dube ni. Ta ce, "Bar ta. Wadda ba ta hita, ko dutsi ta shuka ai ta rage rana. Amma ki ji ni da kyau, ɗiyata, ba ki shiga ruwan nan kina shayarwa. Sanyi ya kama nono, ba ni da maganinai."

Na ce to. Na tsaya a bakin ramin na jefa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi cuɓul ya nutse. Hannuna ya koma wofi. Duk abin da uwata ta bar mini yana ƙarƙashin ruwan da ba a ganin gindinsa.

Damina ta kankama, ramin ya cika fal, ba a ga komai ba sai jan ruwa da kumfa. Kullum in na idar da sallar asuba sai in zagaya in tsuguna in ƙura ido. Ƙanwar mijina ta riƙa gaishe ni da, "Ina gona? An yi noman farko?" Ni dai sai murmushi.

Ran nan da safe na ga wani abu ja, bai fi kunnen ɓera ba, yana lilo a ƙarƙashin ruwa kusa da gefe. Na murza ido. Na ga wani a gefensa, na ga wani can gaba. Wallahi ban san sanda na tashi na zagaya ramin nan da gudu ba, ni matar aure, zanena yana kama kara. Na dawo na sake ƙirgawa, lissafin ya ƙi tsayawa. Ranar tuwon da na tuƙa ya yi gudaji, aka yi ta mita, ban ji ko ɗaya ba.

Daga nan abin ya zama kamar ana ja da igiya. Ganyen suka taso suka kwanta, daga kamar tafin jariri suka koma kamar faifai, har suka rufe rabin ruwan. Ruwan da kansa ya kwanta ya daina wari. Matan maƙwabta suka fara shigowa da hujjar aron rariya, su zarce bakin ramin. Wata tsohuwa ta ce rabonta da ganin bado tun tana budurwa. Ranar da furen farko ya buɗe kuwa, fari tas da rawaya a tsaka, ƙanwar mijina ce ta fara rangaɗa guɗa, ita da ta fi kowa dariya. Kafin hantsi ya ɗaga ya rufe, muka yi zaton ya mutu, washegari ya sake buɗewa da 'yan'uwansa.

Har Baba, surukina, ya zo gani. Na ji gyaran muryarsa na shige ɗaki da sauri, don ni da shi ba mu haɗa ido, balle magana. Ta jikin bango na ji yana ce wa Inna, "Ashe abin na yi. To, a bar shi ya hidda kai mu gani." Na kwanta a kan gado na cusa fuska cikin zane don kada a ji ni.

Kai ɗin nan da yake jira shi ne bai fito ba. Su mutanen gidan, abin da suka sani gero da dawa, amfanin da ke miƙewa ya nuna zangarniyarsa kowa ya gani. Bado kuwa sai fure ya yi 'yan kwanaki yana buɗewa yana rufewa, wata safiya a neme shi a rasa. Haka suka yi ta ɓacewa. Ruwan sama ya ɗauke, furanni suka ragu, gefen ganye ya fara rawaya. Aka fara cewa ya zubar da fure, ƙasar birni ba ta karɓe shi ba.

Ni ma ban da tabbas. Da muna yara, sai bayan kaka muke shiga fadama mu lalubo 'ya'yan da ƙafa, amma ban taɓa zama na bi fure ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshe ba. Zuciyata tana ce mini suna ƙasa. Wani lokaci kuma ta ce, a gulbi ne suke ƙasa, nan ramin gini ne. Ga shi Inna ta hana ni shiga.

A kwanakin nan ne Baba ya samu aikin kai nama barikin sojoji. Aka koro masa shanu daga arewa, garken da gidan bai taɓa riƙe kamarsa ba, aka tsare su a filin da ke bayan darnina. Kai su gulbi safe da yamma aiki ne, ga ruwa kuwa a kwance kara kaɗai ya raba su. Ina jin numfashinsu suna shinshina darnin.

Bayan azahar mijina ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce, "Ki yi haƙuri. Baba ya ce gobe da sahe a ɓalle darnin ta waje, shanu su sha. Ya ce abin naki ya mutu, ba kai ba zangarniya."

Na ce, "To."

Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Da bai ji ba ya fita.

Na san abin da kofato ke yi wa laka. Kafin hantsin gobe ramin zai zama kwaɓaɓɓen gini. Na samu ƙanwar mijina tana tsefe kai, na ce mata don Allah ta shiga ta laluba mini.

Ta ce, "Ni? In shiga wurin matsattsaku su shanye ɗan jinin da nike tattali in samu miji? Ke dai shiga, ni in tsare ƙohwa. In Inna ta tambaya in ce kina makewayi."

Da aka yi la'asar na ɗaure zane a ƙirji na shiga. Laka ta haɗiye ƙafata har idon sawu, mai laushi, mai sanyi, sai na ji kamar ina gida. Na kama ganye ɗaya na bi igiyarsa da yatsun ƙafa har gindi. Babu komai. Na matsa gaba, ruwa ya kawo ƙugu. Na bi wata. A gefenta na ji wata igiyar daban, wadda ba ta miƙe sama ba, ta lanƙwasa ta yi ƙasa. Na bi ta a hankali. Babban yatsana ya taɓa wani abu mai santsi, zagayayye, kwance a kan laka.

Na nutsa hannu har kunnena ya shiga ruwa, na tsinko shi. Ya cika mini tafi, da nauyinsa. Ni da ba a jin muryata daga ɗaki zuwa madafa, sai ga ihu ya kuɓuce mini. Na sake taka gefe, wani. Na juya, wani. Duk inda na sa ƙafa suna nan, sun kwanta kamar ƙwai a akurki. Kowane furen da muka yi wa ta'aziyya ashe komawa ya yi ƙasa ya yi ciki.

Mai tsaron ƙofa ta manta da aikinta, tana tsalle tana cewa, "Jeho min! Jeho min in gani!" Ihunmu ne ya kawo Inna, da yarinyar tana bin ta a baya riƙe da gefen zanenta.

"La'ilaha illallahu! Mi nic ce miki? Hito! Hito maza!"

Na fito ina ɗiga, na durƙusa na ajiye su a gabanta. Na fasa ɗaya da babban yatsa, 'ya'yan suka bayyana cunkus, jajaye-jajaye, da yauƙi. Wannan ya nuna. Na fasa na biyu, fari ne fat, da saura. Na uku ma haka.

Ƙanwar mijina ta ce, "To kwashe su duka yau mana, kahin shanu."

Na ce, "Nunannun kaɗan ne. Ɗanye in an cire shanyewa yake yi, ba ya kunu. Sai wata ya tsaya."

"Wai ni kam wagga wahala duk ta mi ta? Kunun wa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon lakar ƙafata. Yarinyar ta tsuguna tana tsokanar fasasshen badon da yatsa. Inna ta dube ta, ta dube ni.

Ta ce a hankali, "Ku mutanen gulbi da shi kuke yaye?"

Na ɗaga kai kaɗan na sauke.

Ta ce, "Kin ji ta. Tun bazara tana ɗauke da magana a ciki kamar tulu." Ta ja tsaki, amma ba na faɗa ba. "Shi kuwa in ya yanke magana a zaure gaban maza, ba ya maishe ta don ni na ce. Amma akwai matar da ba ya iya ma musu."

Ta ɗauki yarinyar, ta danƙa mata nunannen a hannu, ta kai ta bakin hanyar turaka ta sauke. Baba yana zaune a kan buzu yana jan carbi, yana jiran magariba. Ni na laɓe a bayan zana, jiƙe sharkaf, haƙorana suna haɗuwa. Yarinyar ta tafi tana tangaɗi irin na masu sabuwar tafiya. Kun san wasan kaka da jika, shi matarsa yake kiranta.

"A'a, amarya! Yau kin tuna da mijinki? Kullum hannu wohi, yau mi anka dahwa min?"

Ta miƙa masa. Ya kawo hannu, ta janye ta kai bakinta.

"Kai, wagga mata da rowa take! Haka za mu zauna?" Ya jawo ta cinyarsa ya karɓa da dabara. Ta ƙofar zana na ga yana juya shi, ya shinshina, ya ɗanɗana ƙwaya ɗaya. "Ina kinka samo wanga?"

Inna ta amsa daga madafa, kamar da tukunya take magana. "Gonar da za a ba shanu gobe."

"Ai ta mutu."

"A ƙasa take aje 'ya'yanta. Ba kowa ka ɗora arzikinai bisa kai ba."

Ya yi gyaran murya. Ya san ina kusa, na san ya sani. Sai ya ɗaga murya yana kallon yarinyar. "Amarya, tambayo min mai gonar, sauran sai yaushe?"

Na raɗa wa ƙanwar mijina a kunne. Ita kuma ta leƙa ta ce, "Ke, ce ma mijinki sai wata ya tsaya." Ta ɗan dakata, ta ƙara da abin da ban aike ta ba. "Ki ce mai kuma da shi za a yaye ki. Haka dangin uwarki ka yi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na mintsine ta, ta buge mini hannu.

Can sai Baba ya yi 'yar dariya. "Ashe guzuri na. Za ki bar ni ki tahi gidan gwaggo, har da abincin hanya kin tanada. To ba za a ce na hana matata guzuri ba. Ce ma ubanki shanu su bi hanyar gulbi har ranar da za ki."

Mijina yana zaure ashe yana saurare. Ya ce, "Baba, gulbi da nisa. Shanun za su zube."

"Kai ma ka zube, tumbin ya yi maka yawa. In an tambaye ka a zaure ka ce amarya ta hana."

Na zauna a nan bayan zana ina dariya ba sauti, hawaye yana haɗuwa da ruwan kududdufi. Inna ta zo ta tashe ni da faɗa, ta sa aka dafa ruwa na yi wanka, ta ɗura mini kunun kanwa mai zafi har sai da na yi gumi. Ta ce daga yau in za a tsinka, mai bakin nan ce za ta shiga, matsattsaku su sha abin da za su sha. Kafin duhu na wanke 'ya'yan nunannun, na baza su a kasko bisa garwashi ina juyawa har yauƙin ya bushe suka fara ƙamshi.

Washegari tun da sassafe na daka su a ƙaramin turmi na tankaɗe. Garin bai fi cikin ludayi biyu ba. Inna ta ce yaye da saura, amma ɗanɗano ba laifi, gara a san ko za ta karɓa. Na dama shi ruwa-ruwa da ɗan tsamiya, na fifita har ya huce, na miƙa wa ƙanwar mijina, don ba zan ba ta da hannuna a tsakar gida ba. Na juya baya na kama wanke ƙwarya.

Na ji an furzar. Ƙanwar mijina ta ce, "Kin gani? Ɗiyar mahauta ta, tsire take jira." Inna ta ce a kawo zuma, ta ɗiga kaɗan. Sai na ji ƙwat, na sake jin ƙwat, ƙaramin maƙogwaro yana aiki. Da ludayin ya ƙare ta riƙa buga shi a ƙasa tana kukan ƙari.

Inna ta ce, "Wata dai ta juyo ta gani mana, ba mu kallonta."

Ban juya ba. Na ɗauki tsintsiya na shiga sharar tsakar gidan da na riga na share tun asuba.